Ba Tabki Ya Ba Shi Ba

Ɗan Azumi ba makaɗi ba ne, bai kuma gaji kiɗa ba. Ubansa masunci ne a bakin tabkin Madarunfa, kakansa ma haka. Shi ne dai ya ƙi ruwa ya bi mota, ya yi shekara shida yana hawa bayan kaya tsakanin Maraɗi da Katsina kafin ya sami takardar tuƙi. Gurmin da yake ɗan kaɗawa, a tasha ya koye shi, don rage zaman jiran lodi. Ba mai ɗaukarsa makaɗi, shi ma bai ɗauki kansa haka ba.

A shekarar 1969 aka ɗauke shi tuƙin motar wani lokotoro da aka kawo Maraɗi daga ƙasa mai nisa. Mutane suna ce wa baƙon Ɗan Sin, shi kuwa kullum sai ya girgiza kai ya ce, "A'a, Kore," sunan ƙasarsu ke nan. Har suka gaji suka bar shi da sunansa, Lokotoro Bang. Gajere ne mai gilashi, Hausarsa a karye take amma ba ya jin nauyin yin ta. Kowace ranar kasuwa Ɗan Azumi kan kawo shi likitar Madarunfa, wato ɗan asibitin garin, ya duba marasa lafiya tun hantsi har azahar. In an tashi ba ya son komawa Maraɗi da wuri. Sai su gangara bakin tabki su zauna a gindin wani gawo, Kulu matar Ɗan Azumi ta kawo masu soyayyar karfasa da yaji. Lokotoro ya yi ta ci yana share hanci, yana cewa yajin nan ne kaɗai abin da ya yi kama da gida.

Wata rana ya fito da wani ɗan jan akwati daga bayan mota, garmaho ne mai aiki da pil, ƙananan batura irin na rediyo, ya ɗora masa baƙin faifai. Ɗan Azumi ya sha jin faifai a Katsina, na Indiya da na Kwango da na Larabawa. Wannan daban yake. Jita ce, amma ba ta gudu irin ta ƴan Kwango. Sai ta kama murya ɗaya ta ja ta, ta lanƙwasa ta, ta riƙe ta tana rawa kamar mutumin da kuka ya taso masa yana ƙoƙarin haɗiyewa. Can sai ganga ta shigo a hankali, wani namiji ya fara waƙa da harshen da Ɗan Azumi bai taɓa ji ba. Kulu da ta zo kwashe kwano ta tsaya da kwanon a hannu har faifan ya ƙare.

"Ƙanena ne," in ji lokotoro, yana dafa ƙirji. "Il-su. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

"Iliyasu?"

"Il-su."

"To ai shi na ce, Iliyasu."

Lokotoro ya yi dariya ya ƙyale shi.

Labarin Iliyasun nan ba rana ɗaya Ɗan Azumi ya ji shi ba, kasuwa-kasuwa ya tsince shi, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Yaƙi ne ya cinye ubansu suna yara. Babban ya kama littafi. Ƙaramin ya tsinci gwangwanin mai a bayan barikin sojojin ƙasashen waje, ya ɗaura masa wayoyin tarho, ya ce ya yi jita. Daga nan ya yi shekara goma yana kaɗa wa sojojin nan waƙoƙin ƙasarsu, yana kwaikwayon kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Ranar da abin ya ishe shi ya zauna ya tsara waƙa da harshen uwarsa, ya kuma sa jitar lantarki ta riƙa kuka irin na wani abin kiɗa mai tsirkiya goma sha biyu da tsofaffin ƙasarsu suke kaɗawa. Masu buga faifai suka yi masa dariya, suka ce wa zai yi rawa da kayan Turawa da maganar ƙauye? Faifansa na farko ya yi ta zama a kanti ba mai taɓawa. A na uku ne ɗalibai suka kama. Yanzu, in ji lokotoro, babu lungun da za ka bi a babban birninsu ba ka ji wani saurayi yana fama da tsirkiya yana son lanƙwasa ta kamar Il-su ba, mawaƙan da suke jin kunyar harshensu ma duk sun dawo masa.

"Tsohuwarmu ta yi shekara bakwai ba ta yi masa magana," in ji lokotoro. "Ni ne ɗan kirki, shi ne ɗan banza. Yanzu in ta shiga kasuwa, uwar Il-su ake ce mata. Ba wanda ya san ta haifi lokotoro."

Akwai waƙa ɗaya a faifan da ta kama Ɗan Azumi. Ya yi ta nemanta a kan gurmi, wata biyu, har ran nan ya kaɗa ta daga farko zuwa ƙarshe a gindin gawon. Lokotoro ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce zai rubuta wa ƙanensa ya gaya masa waƙarsa ta iso bakin wani tabki a Nijar.

A 1971 aka ɗauke lokotoro aka mai da shi wata likita can gabashin ƙasa. Ya tafi da garmahonsa da faifansa. Ɗan Azumi ya koma tuƙa kamiyo, babbar motar kayan Hajiya Atika, wata mai fataucin wake da gyaɗa zuwa Najeriya. A wata tafiya Kano ne ya sayi tsohuwar jita a Sabon Gari. Wani mai gyaran rediyo a Maraɗi ya haɗa masa ita da batirin mota da amsa-kuwwa, ta riƙa ƙara har ana jiyo ta daga bakin kasuwa.

Sai fari ya zo. Tabki ya ja baya, ya bar laka tana tsattsagewa, a shekarar kuma uban Ɗan Azumi ya rasu. Jirgin tsohon ya kwanta a busasshiyar laka nesa da ruwa, ba mai shiga. Ɗan Azumi ya wuce ta wurin wata safiya, ya dawo gida ya ɗauki jita, kalmomi suka riƙa zo masa a kan kiɗan Iliyasu kamar dama su ake jira. Tsakiyar kiɗan ya ɓace masa, shekara biyu rabonsa da faifan, sai ya cike gurbin da wani salo na gurmi. Ya sa wa waƙar suna "Jirgin Baba".

A sunan jikan Hajiya Atika ya fara yin ta a bainar jama'a. Tsofaffi suka toshe kunne da jin ƙarar farko. Kafin ya kai rabi mata sun daina surutu, wasu suna goge ido da gefen mayafi, domin shekarar ba gidan da bai rasa wani abu ba. Kafin damina ta sake zagayowa ana neman sa a Gabi, a Sarkin Yamma, a Jibiya. Mata suna daka da waƙar, masu cin rani suna tafiya da ita Najeriya a bakinsu.

Ana nan ma'aikatan rediyo suka zo Maraɗi ɗaukar muryoyin makaɗan jiha, aka aika masa. Ya sa sabuwar riga ya je. Ɗakin cike yake da manya, ga makaɗan gado da ƴan amshinsu suna kallonsa a kaikaice. Da ya gama, mai tambayar, wani dogon saurayi mai ɗamara a wuya, ya matso masa da bakin na'ura.

"Wanga kiɗi ba mu taɓa jin irinsa ba. Daga ina ka samo shi?"

Ɗan Azumi ya buɗe baki da niyyar faɗi. Sai ya hango yadda maganar za ta faɗo a ɗakin nan: direba ya kwashi kiɗa a faifan maigidansa. Ya dubi makaɗan gado, ɗaya daga cikinsu yana murmushi tun kafin ya yi magana.

"Tabki ya ba ni," ya ce.

"Tabki?"

"Na tahi duba jirgin tsohona da asuba, na ji shi yana tasowa daga tsakiyar ruwa. Ban san ko wa ke kaɗawa ba. Na dai riƙe."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Kowa ya san tabkin Madarunfa ba ruwan banza ba ne, ga kaburburan bayin Allah kewaye da shi. Ba wanda ya yi gardama. A hanyar komawa gida Ɗan Azumi ya tsayar da mota a gefen hanya ya zauna ya daɗe bai san abin da yake jira ba.

Bayan kwana goma aka sa hirar. Kulu ta ji ta a rediyon maƙwabta. Da ya shigo da rana ta ajiye masa fura, ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ashe tabkin namu da pil yake aiki," ta ce.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ma ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Furar ranar bai iya shan ta ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukar labarin da zafi shi ne Mushe Maman, shugaban lakol ɗin garin, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Mutum ne mai kishin abin gida, ba ya ƙarya kuma ba ya zaton wani zai yi masa. Ya rubuta "Jirgin Baba" a allo, ƴan lakol suka haddace. Da sojoji suka karɓi mulki aka farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasan gari, shi ya tsaya tsayin daka har aka kafa wa garin ƙungiyar kiɗa, jita huɗu da ganguna, ya ce Ɗan Azumi ne ubanta. Samarin duk suka koyi lanƙwasa tsirkiya irin tasa. Wasu har sammako suke yi su zauna a bakin ruwa ko su ma za a ba su. Mushe Maman ya je wani taron malamai a Yamai ya miƙe a gaban mutane ya ce ga hujja daga Madarunfa cewa kiɗanmu ba ya bukatar aro daga kowa. Ya dawo yana ba Ɗan Azumi labari, idonsa na ƙyalli.

"Na gaya masu, Ɗan Azumi. Na ce ku zo ku gani, direba ne, ko aji ɗaya bai yi ba, ƙasarsa ce ta shayar da shi."

"Mushe, akwai wata magana..."

"Mi ne ne?"

Ɗan Azumi ya dubi fuskar mutumin. "Tsirkiya ta huɗu ce ta tsinke," ya ce. "Sai an je Kano."

Haka aka yi ta tafiya. Duk inda aka yabe shi sai ya sunkuyar da kai, mutane su ce dubi tawali'u. Ya tsara wasu waƙoƙin na kansa, aka saurara, amma ko'ina ya je sai an ce a yi "Jirgin Baba".

Wata ranar kasuwa a bazarar 1976 yana tsaye ana loda masa buhunan wake, sai ga farar motar likita ta tsaya. Lokotoro Bang ya fito, kansa ya yi furfura. Bayansa wani siririn mutum ya fito, an yi masa aski ƙwal, rigarsa ta yi masa yawa, kamarsu ɗaya da lokotoro. A daidai lokacin kuwa kaset ɗin mai shayi yana zuba "Jirgin Baba". Siririn mutumin ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai jaki ya kauce masa. Ya juya yana neman inda kiɗan yake fitowa.

Ɗan Azumi bai san lokacin da ya duƙa bayan buhuna ba. Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya hau kamiyo, ya tayar, lodi bai kai rabi ba. Masu ɗauko kaya suna ta kiransa, bai waiwaya ba sai Jibiya.

Kwana uku ya yi a tashar Jibiya. Ya ce wa mutane mota ce ta lalace, ya buɗe gabanta yana taɓa abin da lafiyarsa ƙalau. A rana ta uku Audu, wani direban garinsu, ya same shi.

"Hajiya ta ce in ka sayar mata da mota ne ka faɗa mata. Kulu kuma ta ce in gaya maka baƙi sun zo gida sau biyu, ta gaji da cewa ba ka nan." Audu ya yi dariya. "Mi ka yi wa lokotoro? Ai har Mushe Maman ya kai su bakin tabki ya nuna masu wurin da aka ba ka waƙar."

Ɗan Azumi ya rufe gaban mota, ya kama hanyar gida.

Da hantsin ranar Laraba baƙin suka zo karo na uku. Kulu ta shimfiɗa masu tabarma a zaure ta kawo ruwa. Ɗan Azumi ya shigo ya durƙusa ya gaida lokotoro. Lokotoro ya amsa a taƙaice, bai miƙa masa hannu ba. Ya ce an sake dawo da shi Maraɗi, wannan kuma shi ne Il-su. Hausar lokotoro ta gyaru sosai a shekarun nan, abin da ya sa kowace kalma ta shiga inda aka aike ta.

"Ka san abin da ya kawo shi? A can gida mahukunta sun hana waƙoƙinsa. Sun ce suna kashe wa samari zuciya. An kwashe faifansa daga kantuna, an hana rediyo faɗin sunansa, an kama shi a titi an aske masa kai. Mutanen da ya koya wa kiɗa suna ganinsa su tsallaka hanya. Fiye da shekara bai taɓa jita ba, abinci ma sai an matsa masa. Na sha wahala kafin na samo masa takardar fita. Na ce masa, zo, akwai wani gari a bakin ruwa, akwai abokina da ya san waƙarka, ya san sunanka." Ya gyara gilashi. "Can an goge sunansa da ƙarfi. Kai nan wa ya tilasta ka?"

Ɗan Azumi ya kafa ido a kan tabarma.

"Ba kowa," ya ce.

Il-su ya yi wa yayansa magana da harshensu, a hankali. Lokotoro ya amsa da zafi. Il-su ya maimaita. Lokotoro ya ja numfashi ya ce, "Wai ka kaɗa ya ji."

Ɗan Azumi ya ɗauko jita, bai haɗa ta da batir ba. Bai taɓa kaɗa waƙar da muni irin na ranar ba. Il-su ya rufe ido yana saurare, lokotoro yana fassara masa kalmomin a kunne: jirgi a kan laka, ruwa ya tafi, mai jirgi ya bi shi. Da aka iso tsakiya, inda salon gurmi yake, Il-su ya buɗe ido ya ɗaga hannu.

"Ya ce wannan wurin ba nasa ba ne," in ji lokotoro.

"Na manta nasa ne, lokotoro. Na cike da abin da na iya."

"Ya ce ka sake."

Ya sake, sau uku. Sai Il-su ya miƙo hannu ya karɓi jitar. Ya daɗe yana riƙe da ita a cinya kamar an ba shi jaririn da ba nasa ba. Sannan ya gwada salon gurmin, ya kuskure, ya sake gwadawa, ya ɗago yana tambaya da ido. Ɗan Azumi ya matsa ya gyara masa yatsa. Lokotoro ya kau da kai yana kallon bango.

Da za su tafi Il-su ya sake magana, wannan karon yana duban Ɗan Azumi.

"Ya ce kalmominka sun fi nasa dacewa da kiɗan," in ji lokotoro. "Ya ce shi ma ya yi shekara goma yana cin abinci da waƙoƙin wasu, bai ga laifin wannan ba. Amma duk wanda ya tambaye shi ta wa ce, yana faɗi."

Ranar Juma'a bayan la'asar samariya ta tara gari a dandali don zaɓen waƙar da za a kai gasa a Maraɗi. Mushe Maman ya gayyaci baƙin, ya sa masu kujeru a gaba kusa da maigari. Ya yi jawabi, ya sake ba da labarin tabki, ya kira Ɗan Azumi. Ɗan Azumi ya fito ba jita. Ya hango Kulu a cikin mata, ba ta kallonsa.

"Jama'a, ku gafarce ni," ya ce. Amsa-kuwwa ta kai muryarsa har bakin kasuwa. "Ƙarya na yi. Ba tabki ya ba ni ba. Kiɗan 'Jirgin Baba' na wanga bawan Allah ne da ke zaune. A faifai na ji shi, a garmahon lokotoro, tun ina tuƙa shi. Kalmomi nawa ne, da ɗan abin da ke tsakiya. Saura duk nasa ne. Sunansa Il-su."

Sai wani ya fashe da dariya daga baya, surutu ya ɓarke. Wani tsohon masunci ya miƙe yana kaɗa sanda, ya ce shi bai yarda ba, wa ya sani ko baƙon ne ya zo ya ji a nan, ko kuma tabkin ne ya ba su su biyu. Wasu suka ce to baƙon ya kaɗa a ji. Lokotoro ya fara cewa ƙanensa ba shi da lafiya, amma Il-su ya riga ya tashi. Ya karɓi jitar ɗaya daga samarin, ya ɗan murɗa kunnuwanta, ya fara.

Ba a sake jin tari ba. Kiɗan da garin ya yi shekara uku yana ji shi ne, amma yanzu suka ji yadda yake a hannun mai shi. Wuraren da Ɗan Azumi yake tsallakewa don sun fi ƙarfinsa, Il-su ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Da ya iso tsakiya ya yi salon gurmin, ya nuna Ɗan Azumi da haɓa. Ba wanda ya kula da wannan. Ɗan Azumi yana tsaye a gefe, hannuwa a baya, ya ji kunya ta biyu ta hau kan ta farko: yau kowa ya ji iyakar abin da ya iya.

Da ya ɗaga kai, kujerar Mushe Maman ba kowa.

Garin bai kore shi ba, bai kuma yi saurin mantawa ba. Aka laƙaba masa Garmaho. In ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Yau mi tabki ya ce?" a kwashe da dariya. Fiye da shekara ba wanda ya kira shi biki. Da ƴan rediyo suka sake zuwa Maraɗi ya je ya nemi mai tambayar nan don a gyara maganar, saurayin ya ce masa an wuce wurin, mutane sun fi son labarin farko.

Il-su ya yi wata uku. Kowace ranar kasuwa yakan biyo yayansa, yayin da ake duba marasa lafiya shi yana zauren samariya da samarin, ba harshe tsakaninsu sai yatsa. Ya koya masu, ya kuma sa aka kawo masa masu gurmi da masu goge ya yi ta saurare yana rubutu a ɗan littafi. Ya yi ƙiba kaɗan, gashinsa ya fito. Yakan aika a kira Ɗan Azumi, wani lokaci ya je, wani lokaci ya ce yana da lodi. Da ruwan farko ya sauka baƙon ya koma ƙasarsu. Salon da ya bari, samarin suka riƙa ce masa kiɗan Iliyasu, da shi kuma suka ci gasa a Maraɗi shekara biyu a jere. A ƙarshen 1979 lokotoro ya tsayar da Ɗan Azumi a bakin likita ya gaya masa an ɗage wa Il-su hani, sai dai samarin can sun koma wani kiɗan, yanzu a ƙaramin ɗaki yake wasa, rabin masu sauraro mawaƙan da suka taso a kan faifansa ne. Ya ce Il-su yana gaishe shi. A ranar lokotoro ya ba shi hannu.

Mushe Maman ne abin bai warke masa ba. Da hannunsa ya rubuta wa waɗanda suka ji jawabinsa a Yamai cewa abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne. Wasu suka mai da shi abin ba'a a tarurrukan malamai. Ya sauka daga shugabancin ƙungiyar kiɗa, ya nemi a mai da shi lakol ɗin Gabi, aka mai da shi. Ɗan Azumi ya je gidansa ana ɗaure kaya, ya tsaya a ƙofa ya roƙi gafara.

"Na yahe maka," in ji Mushe Maman. "Amma ranar da ka ce mini tsirkiya ta tsinke, da ka faɗa mini a ranar, da ni da kai muka san yadda muka yi."

Ɗan Azumi ya ci gaba da tuƙi, daga baya ya koma ɗan kiɗansa a ƙananan bukukuwa, da waƙoƙin da ya tsara da kansa. Biyu daga ciki sun karɓu. In hanya ta bi da shi Gabi yakan tsayar da kamiyo a gaban lakol ya jira a tashi shan iska. Mushe Maman ya fito da alli a hannu, su gaisa, ya tambayi Kulu da yara, ya sa a kawo ruwa a moɗa. Ba sa maganar kiɗa. In an buga ƙarfe Mushe ya ce, "To, a sauka lafiya," ya koma aji, Ɗan Azumi ya hau mota ya kama hanyar iyaka.